Gutsure na Ƙarshe

Ƙarfe biyu na dare a unguwar Zariya.
Kuran ya tafi tun bayan lisha,
batir na nuna saura kashi sha tara,
sauro na zagaya kunnena kamar mai bin bashi.

Aikin da na rubuta ba shi da wuyar faɗi.
Faifan ajiya kasuwa ce da yammacin Juma'a:
kayan mutum guda, rabi a wannan rumfa,
rabi can bayan masu tattasai,
saura ƙarƙashin teburin wanda bai san da su ba.
Na ce wa na'ura: tattaro su,
jera gutsattsarin kowane fayil kafaɗa da kafaɗa
kamar sahun salla, kada ki bar gurbi.
Ta yi. Komai ya ɗauki sauri.
Har Alhaji Sahabi ya aiko mini da kilishi.

Sai ga Barira mai aya, daga Gazawa ta taso,
ta tsaya bakin ofishin ƙungiya
da ƴar takarda ƙulle a bakin zane.
"Jikka arba'in na biya ran Litinin.
Akwatinku ya ce ban biya ba."
Na buɗe fayil ɗinta.
Kai na nan, ciki na nan,
wutsiya babu.
Ita daga Gazawa ta zo,
ni a cikin gazawa ta same ni.

Kwana uku ina rabon laifi.
Na ba zafin rana, na ba tsufan faifai,
na ba Lawali akawu da yatsunsa masu maiƙo.
Laifi tudu ne, na hau nawa ina hangen gari.

Daren nan na zauna da rubutuna
kamar mai tsintar tsakuwa cikin wake,
layi bayan layi, ba tsallake.
A na ɗari huɗu da sha biyu
haƙorina ya ci karo da ita.

Na'ura daga sifiri take fara ƙirga.
Ni daga ɗaya, yadda mushe ya koya mini a lakwal.
Tsakanin ƙirgata da tata
taki guda ya faɗi.
Tana kwashe tara ta kai sabon wuri,
ta bar na goma a tsohon kango,
sannan ni da bakina in yi shela:
wurin nan fili ne, mai so ya gina.

Kakata in za ta sauya wa jajayen awakinta garke
ba ta ƙirga su, suna take kira,
kuma ba ta sakin ƙofar tsohon garke
sai ta leƙa lungu,
don akwai ɗan akuyar da kullum barci ke ɗaukewa.

Gyaran bai kai ƙwayar gero ba.
Ƴar sanda guda ƙarƙashin alama:
"ƙasa da" ya koma "ƙasa da, ko daidai".
Na ƙara layi uku don kakata:
leƙa lungu kafin ki saki ƙofa.

Na gwada da fayil goma. Lafiya.
Na gwada da dubu, ina riƙe numfashi,
batir na kashi huɗu, allo ya dushe.
Kowa ya iso da wutsiyarsa.

Layin Barira kuwa, an riga an yi gini a kansa.
Ƴar takardar bakin zane ce kaɗai ta tuna.

Kuran ya dawo tare da kiran asalatu,
fanka ta yi tari, ta fara juyi.
Ban ji daɗin da na zata ba.
Akwai sunaye shida a jerin da na fitar,
shida da aka yanke musu wutsiya ba su sani ba.
In gari ya waye zan tare kabu-kabu zuwa tasha.
Ba a aika haƙuri ta waya.